Yadda lamba tara zai koma tsakiyar fili idan gudu ya fara ja baya

Abin da ke fara barin ɗan wasan gaba, wato lamba tara, shi ne taku biyar na farko. Ƙafar bugu tana nan, ido yana nan, amma ƙwallon da a da yake riga ɗan baya isa gare ta, yanzu sai su isa tare, wani lokaci ma a riga shi. Galibi hakan na fara fitowa fili ne bayan an haura shekara 30. A nan koci ko abokai za su ce maka ka sauko ƙasa ka riƙa raba ƙwallo. Shawarar tana da kyau, sai dai wanda ya sauko da niyyar hutawa ya yi kuskuren lissafi. 'Yan tsakiya sun fi kowa cin ƙasa a fili, a manyan gasanni sukan yi kilomita 11 zuwa 12 a wasa ɗaya. Abin da ka samu sauƙinsa shi ne tsere da matashin ɗan baya. Abin da ya ƙaru kuwa shi ne zirga-zirga da aikin ido.

Kada ka yi tsalle daga lamba tara zuwa lamba shida, wato ɗan tsakiyar da ke tsayawa a gaban 'yan baya. Fara da tsayawa mita 10 zuwa 15 a bayan wani ɗan gaba, a gurbin da ke tsakanin 'yan bayan abokan karawa da 'yan tsakiyarsu. Ka yi aƙalla rabin kaka a wurin. Idan ka saba, sai lamba takwas, ɗan tsakiyar da ke zirga-zirga tsakanin baya da gaba. Lamba shida ita ce ta ƙarshe, kuma ba kowa ke kai mata ba. Dwight Yorke ya kai. Mutumin da ya ci ƙwallo 18 a gasar Firimiya ta 1998/99 da Manchester United shi ne ya tsaya a gaban 'yan bayan Trinidad da Tobago a gasar cin kofin duniya ta 2006, yana da shekara 34, suka riƙe Sweden canjaras babu ci. Daga baya koci Roy Keane ya yi amfani da shi haka a Sunderland. Amma irinsa ba su da yawa.

Babban aikin yana cikin tsayuwa. Lamba tara ya saba juya wa raga baya, ya tokare ɗan baya da jikinsa, ya karɓa, ya ajiye wa na kusa. Haɗarinsa daga gefe ɗaya yake zuwa, kuma yana jin sa a bayansa. A tsakiya ta ko'ina ake zuwa maka. Don haka ka tsaya a karkace, kafaɗa ɗaya na kallon mai ba ka ƙwallo, ɗayar na kallon ragar da za ku ci. Ka bar ƙwallo ta ratsa gabanka, ka tare ta da ƙafar da ta fi nisa da mai bugowa. Da taɓawa ɗaya ka riga ka fuskanci gaba. Wanda ya tare da ƙafar kusa sai ya ƙara taɓawa biyu kafin ya juya, kuma a cikin wannan ɗan lokacin ne ake ƙwace masa.

Tsayuwar ba ta aiki sai da waiwaye. Ka waiwaya sau ɗaya lokacin da abokinka ke shirin bugowa, sau ɗaya kuma ƙwallo tana hanya. Na biyun ne mai wuya, domin ɗan gaba ya shafe shekaru idonsa a kan ƙwallo har ta iso. Hanyar koyo mai sauƙi ce: mutum ɗaya a gabanka da tazarar mita 15 yana bugo maka, wani a bayanka yana ɗaga yatsu. Sai ka faɗi adadin yatsun kafin ƙwallo ta taɓa ƙafarka. Yi sau 20, ka huta, ka maimaita zagaye uku. Bayan mako biyu, na bayan ya daina ɗaga yatsu, ya riƙa matsowa ta dama ko ta hagu, kai kuma ka juya ta ɓangaren da ya bari. Ka haɗa da wasan kewaye na mutum biyar da biyu a fili mai mita 10 kowane gefe, taɓawa biyu kawai, amma kai ka tsaya a tsakiya maimakon bakin layi, inda bayanka a rufe yake.

Lissafin asara ma ya canja. A yadi 18 na abokan karawa, ka gwada abu biyar huɗu su lalace, ɗaya ya shiga raga, ka zama gwarzo. A tsakiya asara ɗaya na iya zama ƙwallo a ragarku cikin daƙiƙa goma. Cutar da ta fi kama tsofaffin 'yan gaba ita ce doguwar ƙwallo ta burgewa. Da zarar sun samu sarari sai su ɗaga ta mita 40 zuwa gefe. 'Yan kallo su tafa, amma kafin ta sauka abokan karawa sun gama komawa wurarensu. Ka riƙe wannan ma'auni: cikin fasin goma, bakwai gajeru ne masu tafiyar da wasa, biyu masu ratsa layi a ƙasa, ɗaya kacal na kasada. Na kasadar ma ka yi shi ne idan akwai mutum biyu naku a bayanka.

Akwai abin da kake da shi wanda ɗan tsakiya na asali ba shi da shi. Ka san irin ƙwallon da ɗan gaba ke so, domin ka yi shekaru kana jin haushin rashin samun ta. Ka san cewa a kan takunsa na farko ake sakin ta, idan aka jira ya ɗaga hannu ya riga ya yi satar fage. Ka san wace kafaɗar ɗan baya ce makauniya. A watan Satumban 2020 Tottenham ta ci Southampton 5-2, Son Heung-min ya ci huɗu, kuma duka huɗun Harry Kane ne ya ba shi. A ƙarshen kakar Kane ya fi kowa cin ƙwallo a Firimiya da 23, ya kuma fi kowa bayarwa a ci da 14.

Wannan wasan na nuna sharaɗin da ake yawan mantawa: idan ka sauko, dole wani ya haura. In babu mai gudu da zai shiga gurbin da ka bari, 'yan bayan abokan karawa za su matso gaba hankali kwance, fili ya tsuke, ka ɗaga kai ka rasa wanda za ka ba. Haka kuma kana bukatar mai ƙafa a gefenka. Messi ya ci ƙwallo 7 ya bayar da 3 a gasar cin kofin duniya ta Qatar a 2022 yana da shekara 35, yana yawan tafiya a hankali, amma Rodrigo De Paul da Enzo Fernández da Alexis Mac Allister ne suke biyan kuɗin wannan tafiyar. Ƙungiyar da ta haɗa tsohon lamba tara da wani mai nauyin jiki a tsakiyar mutum biyu ta buɗe wa kanta ƙofa. Tsakiyar mutum uku ta fi rufa asiri.

Wani kuskuren shi ne bin ƙwallo saboda ƙishirwar taɓa ta. Minti biyar ba ta zo ba, sai ka gangaro har gaban 'yan bayanku ka karɓa daga ƙafarsu. Ka shiga wurin lamba shidanku, ka jawo masa mai tsaronka, gaba kuma ta zama wayam. Zargin da aka yi ta yi wa Wayne Rooney ke nan lokacin da Ingila ta saka shi a tsakiya a gasar Turai ta 2016, wadda Iceland ta fitar da su 2-1, duk da cewa a wannan matsayin ya taka rawa a wasan ƙarshe na kofin FA 'yan makonni kafin nan. Da koci José Mourinho ya karɓi Manchester United, ƙungiyar Rooney, sai ya mayar da shi gaba. Ka ja wa kanka iyaka: muddin ƙwallo na hannunku, kada ka sauko ƙasa da lamba shida sai in shi ya haura.

Tsaro kuwa a taƙaice yake. Kada ka zube ƙasa don ƙwace ƙwallo, lokacin shigarka zai makara, katin gargaɗi zai biyo baya. Tsaya a kan layin da ke tsakanin mai ƙwallo da ɗan gabansu, ka tilasta masa bugawa gefe. Idan kun rasa ƙwallo, fara komawa tsakiya tukuna kafin ka nemi mutum.

Jiki na bukatar sabon atisaye. Sau biyu a mako kafin fara kaka, ka yi gudu mai ƙarfi na minti huɗu, ka sassauta na minti uku, har zagaye huɗu. A cikin kaka sau ɗaya ya isa. Kada ka bar gajeren gudu gaba ɗaya: mita 20 sau shida a mako na taimaka wa tsokar bayan cinya ta jure, domin ita ce ke yawan tsinkewa ga wanda ya daɗe bai fizga ba. Juye-juyen tsakiya kuma na cin matsematsi da ƙugu, sai a ba su minti goma na motsa jiki kafin kowane atisaye.

Ka ci gaba da shiga yadi 18, amma a makare. Idan ƙwallo ta tafi gefe, ka bari ɗan gabanku ya ja 'yan baya zuwa bakin raga, kai ka iso wajen ɗigon fenariti bayansu da daƙiƙa biyu. Sau uku ko huɗu a kowane rabin lokaci ya wadatar, kuma kafin ka tafi ka tabbata lamba shida ya ga tafiyarka.