Yadda Ake Rataya Akwatunan Lasifika a Sama Wurin Taro

Ana ɗaga lasifika sama ne don sauti ya tsallake kan 'yan sahun gaba ya isa ga na can baya, ba tare da ya kashe wa na kusa da dandamali kunne ba. Amma akwati mai kilo 50 idan ya suɓuto daga tsayin mita 6, rai yake ɗauka. Shi ya sa ake zama a yi lissafi kafin kowa ya taɓa sarƙa.

Fara da nauyi. Haɗa na akwatunan, da firam ɗin da ke riƙe su, da injin ɗagawa, da wayoyin da za su lilo a jikinsu. A ce akwati 8 ne masu kilo 30, ka sami 240 ke nan. Ƙara 40 na firam, 50 na inji da sarƙarsa, 20 na waya, ka tashi da kilo 350. Wannan adadin za ka kai wa injiniyan gini ko mai ƙarafunan dandamali, ya faɗa maka wurin da zai ɗauka. Ƙarfen rufin ɗakin taro an yi shi ne don kwano, kada ka ɗauka zai riƙe komai don kawai ya yi kauri a ido.

Sai akwatin kansa, kuma nan ne aka fi yin ganganci. Ba a rataya lasifika ta hannun ɗaukarta, ko kusa. Akwatunan da kafintoci ke haɗawa don wa'azi, maulidi da biki galibi gam da ƙusa ne ke riƙe da su, wasu ma da katakon garin itace da aka matse. Girgizar ganga tana sassauta su a hankali, ranar da za su buɗe ba sa ba da sanarwa. Irin waɗannan a jera su a ƙasa ko kan dakali, a ɗaure. Wanda ake ratayawa shi ne wanda kamfani ya sa masa ƙarfe a ciki da ramukan rataya, ya kuma rubuta iyakar akwatunan da za a jona.

Duk ƙarfen da zai shiga tsakani, shakul ne (ƙarfe mai siffar U da ake kulle bakinsa da fil), ƙugiya ko igiyar ƙarfe, nemi tambarin WLL a jikinsa, wato iyakar nauyin da aka yarda ya ɗauka. Shakul mai kaurin rabin inci yakan ɗauki tan 2. Wanda babu rubutu a jikinsa, ko wanda mai walda ya lanƙwasa daga rodi, ajiye shi gefe. Noti mai zobe kuwa a sayi mai kafaɗa, a ɗaure shi har ya zauna daram, domin idan aka ja shi a karkace da digiri 45, kusan kashi 30 cikin 100 na ƙarfinsa kawai ya rage.

Kula da buɗewar igiya biyu da suka haɗu a ƙugiya ɗaya. A digiri 60 kowace na ɗauke da kusan kashi 58 cikin 100 na nauyin, a 90 ya koma 71, a 120 kowace igiya na ɗauke da nauyin gaba ɗaya. Kada ka wuce 90.

Wajen ɗagawa, a kori kowa daga ƙarƙashi, mutum ɗaya tak ke ba da umarni. Jona akwatunan ɗaya bayan ɗaya, ka ja kowane fil da hannu ka tabbata ya kulle. Ɗaga jerin kamar taƙi ɗaya daga ƙasa ka tsaya, ka duba ko ya karkata, ko sarƙa ta murɗe, ko waya ta maƙale. Idan komai daidai, a ci gaba sannu a hankali, domin fizga tana ƙara nauyin da ke kan ƙugiya.

Da ya kai inda ake so, sa masa igiyar ƙarfe ta biyu a wani wuri daban da na farko, kuma kada ta yi sako-sako. Majanyin roba da ake naɗawa a ƙarfe don rataya kaya ba ya son zafi, a nisanta shi da fitilu. Wayoyin sauti a ɗaure su a firam, kada nauyinsu ya rataya a soket.

A fili kuwa iska ce abin tsoro, musamman guguwar farkon damina da ke zuwa ba sallama. Ɗaure gindin jerin da igiya biyu don kada ya riƙa juyawa, a sa wa ƙafafun hasumiyar ƙarfen da ke riƙe da jerin nauyi, kuma a bar mutum kusa da inji har a tashi. Da an ga hadari ya haɗo, a sauke akwatunan tun iska ba ta iso ba.