Yadda Mazaunin Legas Zai Hau Duwatsun Idanre a Yini Ɗaya

Wanda ya daɗe a Legas, ko a Agege yake ko a Idi-Araba, ƙafarsa ta saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, domin in ban da matakalar bene da gadar tsallaka titi, babu wani tudun da yake hawa. Saboda haka mai niyyar zuwa duwatsun Idanre, waɗanda suke Jihar Ondo kusa da Akure, ya kamata ya fara shiri tun makonni biyu kafin ranar tafiya. Matakala fiye da 600 ake takawa kafin a kai saman, inda tsohon garin Idanre yake a tsakanin duwatsu, kuma duk wanda ya ɗauka abin kamar hawan Dala ne a Kano zai sha mamaki. Hanya mafi sauƙi ita ce mutum ya riƙa hawa da sauka a gadar Ojota ko ta Oshodi sau da yawa kowace safiya, har numfashinsa ya daidaita.

Daga tashar Ojota ake samun motar Akure, kuma tafiyar takan ci rabin yini, don haka gara a kwana a Akure a yi sammako bayan sallar asuba. Rani ya fi dacewa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, domin da damina dutsen yana santsi, ko da yake hazon hunturu yakan rage nisan abin da ido zai hango.

Batun sutura ne mutanenmu suka fi yin sakaci da shi. Doguwar kaftani tana harɗe ƙafa a kan matakala, silifas kuma yakan zame ko ya tsinke a tsakiyar hanya, saboda haka a nemi kambas mai kama ƙasa wanda aka riga aka saba da shi, domin sabon takalmi yana sa bororo ya fito a ƙafa tun ba a yi nisa ba. Mata su zaɓi hijabi mara tsawo da wando mai yalwa. A goya jaka a baya domin hannuwa su zama a sake, a saka ruwa aƙalla lita 2, da ɗan ƙari na alwala, da dabino da gyaɗa. Kilishi a bar shi sai an sauko, saboda yaji da gishirinsa suna tayar da ƙishirwa.

Idan an fara hawa, a tafi da takun da mutum zai iya magana ba tare da haki ba. An tanadi wuraren hutawa a kan hanya, kuma ban ga dalilin da zai sa a wuce su ba, domin matasan da suke fara tsere a ƙasa su ne akan tarar a zaune a wurin hutawa na biyu, sun dafe gwiwa gumi yana tsiyaya daga haɓa. Wanda ya ji jiri ko bugun zuciya ya tsananta ya zauna, ya kurɓi ruwa kaɗan-kaɗan, kada kunyar abokan tafiya ta hana shi juyawa.

A sama akwai tsohuwar fadar Owa, wato sarkin Idanre, da kangon gidajen da jama'a suka bari da suka sauko gindin dutsen, kuma tun 2007 wurin yana jerin wucin gadi na wuraren tarihi na UNESCO, hukumar ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya. A bi ɗan jagora na garin, a tambaye shi kafin ɗaukar hoto, domin wasu wuraren masu alfarma ne a wurin mutanen Idanre.

Saukowa ta fi wahalar da gwiwa, musamman ga mai jiki. A riƙa sa ƙafa a karkace, a dogara da sanda in akwai, kuma a juyo tun kafin la'asar domin kada duhu ya riski mutum a kan matakala.