Yadda Ake Mai Da Ɓawon Gyaɗa Gawayin Girki

Ɓawon da masu ƙuli-ƙuli da masu injin ɓare gyaɗa ke zubarwa a bola, mai shayi da mai tuwo-tuwo za su saye shi idan ya koma gawayi.

Da farko a samu duro na ƙarfe, a huda gindinsa wuri shida zuwa takwas, a ɗora shi kan duwatsu uku. A zuba busasshen ɓawo, kada a danna, a kunna wuta ta ƙasa.

Hayaƙi ne ma'auni. Muddin fari ne mai kauri, ruwa ne ke fita, a ƙyale shi. Da ya yi siriri ya koma shuɗi-shuɗi, a rufe murfi, a janye duwatsun, a liƙe ko'ina da laka. Sai ya kwana. Masu gaggawa nan suke asara: an buɗe da zafi iska ta shiga, sai toka.

Washegari a daka a turmi, a tankaɗe da rariya. A dama koko mai kauri da garin rogo mudu 1, a kwaɓa da garin gawayi mudu 10. A dunƙula a hannu a gani: in ya wargaje a ƙara koko, in ruwa na ɗiga ta tsakanin yatsu a ƙara gari.

A cusa a gwangwanin tumatir, a danna sosai, a zazzage. A shanya kwana 3 zuwa 5, ana juyawa. Da damina sai ya fi haka, kuma wanda bai bushe ciki ba hayaƙi yake yi, ya ƙi kamawa. Tokar murhu kuwa a kai ta gona.