Yadda ake zaɓen ragon barbara don garke ya riƙa ba da tumaki masu tsoka

Duk shekara idan Babbar Sallah ta ƙarato, mai kiwo a Gombe yakan shiga garkensa ya ware ragon da ya fi kowanne cika ido, ya kai shi Tike ko kasuwar Kumo. Ba wanda zai ga laifinsa, shi ne mai kawo kuɗi. Amma tambaye shi wane rago ya bari a gida yana barbarar tumaki, sai ka tarar da wani ɗan tsamurmuri da ko dillali bai taya ba. A haka za a kwashe shekaru, sannan a dawo ana cewa tumakin yanzu ba sa jin kiwo. Alhali dusa da harawa da ƙulin auduga ba sa ƙirƙiro tsoka, suna cika wadda dabba ta gado ne kawai.

Kafin a shiga aikin, ya kamata a san abin da ake nema. Kowace tunkiya tana da kuromosom 54, wato ƙunshin ƙwayoyin gado, 27 daga uba, 27 daga uwa. A cikinsu akwai wata ƙwaya da ke sa jiki ya samar da sinadarin mayostatin, wanda yake kamar linzami ne ga tsoka: idan ta yi girman da ya isa, sai ya ja ta ta tsaya. Se-Jin Lee da Alexandra McPherron na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka ne suka gano shi a 1997, da suka cire ƙwayar daga jikin ɓeraye sai ɓerayen suka yi tsoka har ninki biyu. A 2006 kuma masu bincike a Jami'ar Liyej ta Beljiyam suka nuna cewa tumakin Teksel, 'yan asalin wani tsibiri a Holan, ɗan canji ne a wannan ƙwaya ya rage musu yawan sinadarin, shi ya sa cinyoyinsu suke a murɗe.

Akwai wani labarin da ya fi wannan ban mamaki. A 1983 an haifi wani rago a jihar Oklahoma ta Amurka, aka sa masa suna Solid Gold, ya taso da ɗuwawu da cinya fiye da kima. Wannan gado, da ake kira kalifij, yana kan kuromosom na 18, kuma ba ya bayyana sai idan ɗa ya karɓe shi daga uba shi kaɗai. In daga uwa ya zo, ba a ganin komai. In daga su biyun ya zo, nan ma ba a gani. Masu kiwo sun yi rububinsa, daga baya sai aka gane naman tauri gare shi. A shanu kuwa, irin Beljiyam da mayostatin ɗinsu ya lalace gaba ɗaya, sau da yawa sai an yi wa saniya tiyata kafin a ciro ɗan maraƙi. Don haka ni ban ga dalilin da zai sa mai tumaki goma a Dukku ya sa ransa a kan irin Turai ba, ga gashi mai kauri a zafin watan Afrilu. A tumakinmu tsoka ba ƙwaya ɗaya ke riƙe da ita ba, ɗaruruwa ne, kowace da ɗan nata. Irin wannan gado da awo da haƙuri ake tara shi, ba sai an je ɗakin gwaji ba.

Abu na farko, ka tsai da irin da za ka yi aiki da shi. Balami, farin nan mai dogon kunne da lanƙwasasshen hanci, shi ne mafi girman jiki a tumakin Najeriya, kuma ɗan yankinmu ne na arewa maso gabas. Uda mai launi biyu, gaba baƙi ko ja, baya fari, dogo ne mai jure tafiya. 'Yankasa ba ta kai su girma ba, amma ta fi su jure damina da ƙarancin abinci. Wanda yake da 'yankasa yana iya kawo ragon Balami, sai dai ya tuna babban ɗa babban ci gare shi, kuma kada a haɗa ƙaton rago da 'yar tunkiyar da ba ta taɓa haihuwa ba.

Na biyu shi ne wanda yawancinmu muke ƙyuya a kansa: rubutu. Sayi littafi na 'yan makaranta. Duk ɗan da aka haifa, rubuta ranar, da uwarsa, da ubansa, da ko shi kaɗai ne ko tagwaye. Ɗaura masa igiya mai launi a wuya ko ka ɗiga masa fenti.

Sai awo. Sikelin rataye irin na masu hatsi ya wadatar: a sa ɗan ragon a buhu ko a yi masa majanyi da shi, a rataya. A auna ranar haihuwa, a sake lokacin yaye wajen wata uku, a sake a wata shida. A ce an haife shi da kilo 3, ya cika kwana 90 yana kilo 15. Ya ƙara kilo 12 ke nan, wajen giram 133 a kowace rana. Wannan adadin ne za ka gwada da na 'yan uwansa, ba girman da ido ya gani ba. In babu sikeli, tef ɗin tela ma yana aiki, a zagaya ƙirji da shi daidai bayan ƙafafun gaba. Sai dai a yi adalci a gwajin. Ɗan tilo ya sha nono shi kaɗai, dole ya fi ɗan tagwaye. Wanda aka haifa da kaka ya tarar da harawa da kowar wake, wanda aka haifa da bazara kuwa ƙasa ya tarar. A gwada tilo da tilo, tagwaye da tagwaye, na lokaci ɗaya da na lokaci ɗaya. A bambancin da ake gani tsakanin 'yan raguna, abin da gado ya kawo bai kai rabi ba, sauran na abinci ne da lafiya da nonon uwa. Shi ya sa maganin tsutsa da rigakafin annobar awaki da tumaki, wanda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato ke yi, suna cikin aikin. Ɗan rago mai gado mai kyau da tsutsa ta cinye, littafinka zai yi masa ƙarya.

Nauyi kaɗai bai isa ba, domin tumbi da ƙashi da kitse duk suna hawa sikeli. Nan hannu ke shigowa. Da safe kafin a ba su abinci, tsai da ragon a wuri mai daidai. Ɗora tafin hannunka a gadon bayansa, tsakanin haƙarƙari na ƙarshe da ƙugu. A mai tsoka za ka ji nama ya cika gefe da gefen ƙashin baya, da faɗi, da tauri. A mai kitse za ka ji laushi yana zamewa a ƙarƙashin fata, musamman a gindin wutsiya da ƙirji. A ramamme kuwa ƙashi ne zai soki hannunka. Daga nan koma bayansa ka kama cinya da hannu biyu, ka ga ko naman ya sauko har kusa da gwiwa ko a sama ya tsaya. Mahauta sun fi kowa iya wannan, in kana da na kirki a unguwa, roƙe shi ya nuna maka sau ɗaya. Ƙaho da geza kuwa ado ne. Suna ƙara wa rago kuɗi a kara, amma ba sa ƙara ko tsoka ɗaya a tukunya.

Duba ƙafafunsa su kasance a miƙe, haƙoran ƙasa su zauna daidai da dasashin sama, maraina biyu kuma su kasance a sauke, girmansu ɗaya, ba kumburi. Wanda ya faɗi a ɗaya daga cikin waɗannan, ya tafi turke komai kyansa.

Idan ka zaɓa, sauran mazan a ware su ko a dandaƙe su tun suna ƙanana. Wahalar da ta rage ita ce ta sakin dabbobi bayan girbi, inda tumakin unguwa duk ke cuɗanya, kowane rago ya hau wadda ya samu. Mafita ita ce ka haɗa tumakinka da ragonka a garke kafin lokacin saki. Tunkiya tana neman namiji kusan duk kwana 17, saboda haka mako biyar zuwa shida ya isa kowace ta samu dama sau biyu. Rago baligi yana iya ɗaukar tunkiya 25 zuwa 30, matashi kuwa kada ya wuce rabin haka.

Ciki wata biyar ne, kuma a nan ake yin asarar da ba a gani. Adadin zaren tsokar da dabba za ta rayu da shi, tun a ciki ake kammala shi. Bayan haihuwa zaren kauri kawai yake yi, ba ya ƙaruwa. Tunkiyar da ta yi yunwa a watannin farko da na tsakiyar ciki za ta iya haifar ɗan da zarensa ya ragu, ko da ubansa zakara ne. Mutane sukan jira sai ciki ya fito kafin su fara ba da dusa. A fara da wuri, ko da ɗan harawa ne da gishirin lasa, sannan a ƙara a makonni shida na ƙarshe, lokacin da ɗan ke yin mafi yawan girmansa.

'Ya'ya mata na wannan rago, waɗanda suka fi a awo, su za ka riƙe su maye gurbin tsofaffi. Tunkiyar da haihuwa biyu a jere 'ya'yanta ke zuwa ƙarshe a littafi, a sayar da ita. Su kuwa 'yan matan suna iya ɗaukar ciki tun kafin su cika shekara, don haka wajen shekara ɗaya da rabi da fara aikinsa, ragon zai tarar da 'ya'yansa sun isa barbara. Kada a bar shi. Haɗa uba da 'ya yana kawo raunanan 'ya'ya da yawan mutuwa, ya rushe abin da aka tara. Yi musaya da wani mai kiwon, amma ba maƙwabcin da ragonka ya saba shiga gidansa ba. Nemi na Bajoga ko Billiri, ka je har garken ka ga uwar ragon da 'yan uwansa, ka sa musu hannu a baya yadda ka sa wa naka.