Kurakuran da aka fi yi wajen gyaran fuska da leza, musamman mu masu baƙar fata

Bara wata ƙanwata ta je wani gidan kwalliya aka yi mata leza saura sati biyu bikinta, wai a goge mata tabon kurajen da suka dame ta tun tana sakandare. Ranar kamu da hoda mai kauri aka rufe kumatunta, don inda aka bi da injin nan ya yi baƙi ƙirin ɗigo-ɗigo kamar an yayyafa mata toka, kuma sai da ta kusa wata takwas kafin ya fara washewa. Tun lokacin nake bin maganar nan ina tambayar likitocin fata, abin da na gane shi ne aikin kansa yana da kyau, mu ne muke shigarsa da ka.

Kuskuren farko ki ga hoton wata baturiya a Instagram kafin da bayan aiki ki ce nima haka nake so. Leza haske ne mai zafi, yana ƙona saman fata ko ya dumama cikinta don jiki ya ƙera sabon kolajin, wato abin da ke sa fata ta tsaya ba tamoji. To fatarmu cike take da melanin, wato sinadarin da ke ba fata kalarta, shi kuma yana shan hasken nan ya mayar da shi zafi, da zarar fata ta ji wuta sai ta ƙara zubo melanin, shi ne baƙin tabon da kike gani. Likitoci suna da ma'aunin kalar fata da Thomas Fitzpatrick ya fitar a 1975, daga 1 zuwa 6, yawancinmu muna 5 ne ko 6, 'yan farare-fararenmu 4. Lezar CO2 mai kankare fuska gaba ɗaya, wadda ita ce ke ba da sakamakon da kike gani a hotunan can, ita ta fi kowacce haɗari gare mu. Gyara shi ne ki tambayi sunan injin ƙarara. Akwai mai ɗigo-ɗigo da ake cewa firakshonal, tun wajen 2004 ta fito, ita ba ta cin fatar duka, tana barin lafiyayyen wuri tsakanin ɗigon don warkewa ta yi sauri, akwai kuma Nd:YAG mai lamba 1064 da hasken ta ke wuce saman fata bai cika tsayawa a kan melanin ba. Ko su ɗin ma sai an rage ƙarfi an yi a hankali. In aka ce miki IPL ne, wannan wani injin haske ne daban, ba leza ba ce ma, kuma ta fi saurin ƙona baƙar fata.

Sai maganar wanda zai riƙe injin. Dan Allah kar ki miƙa fuskarki ga wadda ta yi kwas ɗin kwana uku don kawai shagonta ya sha esi da fitilu. Likitan fata ake nema mai rajista da MDCN, wato hukumar da ke yi wa likitoci rajista, in a Najeriya kike, ki ce ya nuna miki hotunan masu irin kalarki da ya yi wa, ki ce a fara gwadawa a ɗan wuri kusa da kunne a jira sati biyu zuwa huɗu a gani. Wanda ya ƙi gwaji, ko ya kunna inji bai rufe miki ido da gilashin kariya ba, ɗauki jakarki.

Wanda ya fi ci min rai shi ne ɓoye bilicin. Ita ma ƙanwar tawa abin da ta yi kenan, an tambaye ta me take shafawa ta ce ai man zaitun ne kawai, alhali shekara uku tana kan haɗin nan na roba marar suna. Irin waɗannan mayukan galibi akwai sinadarin haidirokwinon ko sitiroid a ciki, sitiroid ɗin na sa fata ta yi siriri har jijiyoyi su fito, rauni ba ya warkewa da wuri, kinga kuwa ɗora wuta a kan irin wannan fata neman magana ne. Ba kunya a gaban likita, ki kwashe duk robobin ki kai masa ya gani da idonsa, shi zai faɗa miki yadda za ki janye a hankali da tsawon lokacin da fata za ta huta. Haka in kina shan aisotiretinoin na kuraje, da yawan likitoci sai an yi wata shida da dainawa suke yin lezar kankarewa. In kina da ciki ki faɗa, in tabonki yana kumbura ya yi tudu kamar wanda ke fitowa wasu bayan hujin kunne ki faɗa, in kurajen zazzaɓi na fito miki a leɓe shi ma ki faɗa, don zafin leza na tada su su bazu a fuska, akwai magani irin asaikulobiya da ake fara sha kafin aikin.

Lokaci kuma. Lezar kankarewa na ɗaukar sati ɗaya zuwa biyu kafin fata ta rufe, kolajin ɗin kuma sai wata uku zuwa shida yake gama ginuwa, mai sauƙin kuwa zuwa ɗaya ba ya isa, ana yin uku zuwa biyar da tazarar kamar wata guda. To amarya ki lissafa, wata shida kafin biki ya kamata a fara, ba a haɗa ta da dilka da halawa a satin gyaran jiki.

Bayan an yi, nan ne mutane ke ɓata aikin da hannunsu. Fuska za ta yi ɓawo tana ƙaiƙayi, hannu zai ta kaiwa, wallahi kar ki ɓantare, bari ya faɗi da kansa. Ba soso, ba sabulun salo, ba lemon tsami ko kurkum da wata anti za ta ce ki shafa ya yi saurin haske, ruwa mai tsafta da man da likita ya ba ki irin su Vaseline sun wadatar. Ki nisanci murhu da tururin tukunya kwanakin farko, turaren wuta ma a ɗaga masa ƙafa.

Rana kuma ita ce babbar abokiyar gaba, mu kuma mun saba cewa baƙi ba ya buƙatar man kariya daga rana. Yana buƙata, mai lambar ƙarfin kariya SPF 30 ko sama, kullum da safe, a ƙara duk bayan awa biyu in kina waje, ko da hunturu ne hazo ya rufe gari. Hijabi ba ya rufe kumatu da goshi, sai ki haɗa da lema ko niƙabi in fita ta zama dole. In kuma kika ga ruwa rawaya na tsatsafowa, ko zafi na ƙaruwa bayan kwana uku maimakon raguwa, ko zazzaɓi ya rufe ki, ranar za ki koma asibiti, kar ki tsaya turawa mai shago hoto ta WhatsApp.