Yadda ake bin diddigin maganaɗisun sabon sinadari, daga garinsa har zuwa lissafin ilektiron

A ce an miƙo maka ɗan baƙin gari da aka gasa a tanderun ɗakin gwaji, aka ce ka gano ko yana da maganaɗisu, wane iri ne, kuma me ya jawo shi. Kara masa mayen ƙarfe ba zai amsa maka komai ba, domin akwai sinadarai da yawa da cikinsu cike yake da tsarin maganaɗisu amma ko motsi ba za su yi ba. Aikin na bin mataki ne, kuma kowane mataki amfaninsa shi ne ya kama kuskuren wanda ya gabace shi.

Kafin a taɓa na'ura, sai a san abin da ake nema. Kowane ilektiron ɗan ƙaramin maganaɗisu ne saboda juyin da yake da shi. A yawancin atam sukan zauna bibbiyu, ɗaya ya kalli sama ɗaya ƙasa, su soke juna. A atam irin na ƙarfe, kobal, nikel, manganis ko gadoliniyam kuwa, akwai waɗanda ba su da abokin zama, kuma su ne tushen maganar. To me ke sa na wannan atam su jeru da na maƙwabcinsa? In da jan maganaɗisu na yau da kullum ne kawai tsakaninsu, da ɗumin Kelbin 1 (Kelbin ma'aunin zafi ne da ke farawa daga iyakar sanyi) ya isa ya wargaza jerin. Amma ƙarfe yana riƙe da nasa har Kelbin 1043, wato digiri 770 a ma'aunin Selshiyos. A 1928 Heisenberg ya nuna cewa ƙarfin yana fitowa ne daga musanyar ilektiron, wadda ta haɗa turin lantarki da dokar Pauli, mai hana ilektiron biyu masu juyi iri ɗaya zama a gurbi ɗaya. Shi ya sa ba a raba binciken maganaɗisu da binciken yadda ilektiron suke zaune a cikin kiristal.

Matakin farko, tabbatar da abin da ke hannunka. Niƙa garin ya yi laushi, ka shimfiɗa shi a faranti, ka haska masa hasken X. Yawancin na'urori suna aiki da hasken tagulla mai tsawon zango angistirom 1.54 (angistirom ma'aunin tsawo ne na girman atam). Za ka samu zane mai tsinaye, kowane tsini yana nuna tazarar da ke tsakanin wasu layukan atam. Sai ka daidaita zanen da tsarin da kake zato ta hanyar lissafin da ake kira Rietveld, da manhaja irin FullProf ko GSAS-II. Kada ka bar ko tsini ɗaya ba tare da ka san mai shi ba. Ƙaramin nan da ido ke son tsallakewa, sau da yawa shi ne zai dame ka nan gaba.

Nan ne nake ganin ya kamata a fi daɗewa, domin nan aka fi yin asara. Hasken X ba ya cika ganin baƙon sinadarin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, alhali na'urar auna maganaɗisu tana jin abin da ya fi haka ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Wake ɗaya ɓata gari: ɗan ɓurɓushin magnetait, wato Fe3O4, ya isa ya rufe muryar duk samfurin, har ka ɗauka ka gano sabon maganaɗisu mai aiki a zafin ɗaki. Saboda haka kada hantsaki ko cokalin ƙarfe ya taɓa garin. Yi aiki da na roba ko na tangaran, ka niƙa a turmin aƙiƙ, ka rufe kwalbar da zarar ka ɗiba.

Daga nan sai awo. Na'urar auna maganaɗisu da aka fi dogara da ita ita ce SQUID, wadda ake sanyaya ta da ruwan hiliyam mai tafasa a Kelbin 4.2. Duk da tsadarta, mariƙin samfurin abu ne mai araha: kwanson kafso da bututun roba irin na shan lemo. Auna nauyin garin da sikeli mai kyau ka rubuta nan take, don duk lissafin da zai biyo baya a kansa ya rataya. Cusa garin a kafson, ka danne shi yadda ba zai motsa ba, ka tura shi tsakiyar bututun. Auna kafso da bututun su kaɗai ma, don ka cire nasu daga sakamakon. Sannan ka wanke ramin na'urar da iskar hiliyam sau da yawa. In oksijin ya maƙale a ciki, zai daskare ya fito maka da ɗan tudu a zane wajen Kelbin 45 zuwa 50, kuma mutane da dama sun ɗauki tudun nan a matsayin sauyin samfurinsu, wato inda juyin ilektiron ɗinsa ke fara jeruwa.

Awon zafi kashi biyu ne. Da farko ka sanyaya samfurin zuwa Kelbin 2 babu filin maganaɗisu, ka kunna ƙaramin fili mai ƙarfin kamar Osted 100, ka riƙa aunawa yana ɗumama har Kelbin 300. Sai ka maimaita, amma wannan karon ka sanyaya shi filin yana kunne. In layin ya tashi tsaye kwatsam a wani zafi yayin da ake sanyi, alamar feromagnet ce, inda juyin duk suka kalli gefe guda. In ya hau ya yi tsini ya sauko, ana zargin antiferomagnet, inda maƙwabta ke kallon gefe da gefe. In layukan biyu suka rabu, na farkon ya yi tudu mai faɗi, to wataƙila juyin sun daskare ne a hargitse, ko kuma ƙwayoyin garin ne suka yi ƙanana ƙwarai. Awo da fili mai kai da komo shi ke taimakawa a nan: in tudun yana matsawa idan ka canza saurin filin, ba jeri na gaskiya ba ne.

Yanzu lissafin da na fi ƙauna, saboda da alƙalami ma ana iya yin sa. Raba maganaɗisun da ka auna da ƙarfin filin, a kowane mol (ma'aunin yawan sinadari), ka samu abin da ake kira χ. Zana 1/χ a kan zafi. Can sama da zafin sauyi zai miƙe ya zama layi, bisa dokar da ta samo asali daga aikin Pierre Curie na 1895 da na Pierre Weiss na 1907: χ = C/(T − θ), inda T yake zafi, C da θ kuma lambobi ne da za ka ciro daga layin. Karkatar layin za ta ba ka C, kuma a ma'aunin emu ƙarfin kowane atam kusan √(8C) ne a magneton na Bohr, wato ma'aunin ƙarfin maganaɗisun atam. Kwatanta shi da √(n(n+2)), inda n yake adadin ilektiron marasa abokin zama. Ilektiron 1 zai ba da 1.73, 3 su ba da 3.87, 5 kuma 5.92, wanda shi ne na Mn2+, wato manganis da ya rasa ilektiron biyu. In ka yi zaton Mn2+ amma ka samu 4.9, to ko dai manganis ɗinka Mn3+ ne, ko nauyin da ka rubuta ba daidai ba ne. Co2+ na kobal kuwa yakan wuce 4 duk da marasa abokin zamansa 3 ne, domin kewayen da suke yi wa atam yana ƙara nasa.

Inda layin ya yanki layin zafi shi ne θ. In yana sama da sifili, maƙwabta na son jeri ɗaya. In ƙasa, suna son saɓawa. MnO, haɗin manganis da oksijin, yana da θ wajen Kelbin −610, amma ba ya jeruwa sai a Kelbin 118. Irin wannan tazara tana nuna cewa tsarin kiristal ɗin ya hana kowane atam ya gamsar da duk maƙwabtansa lokaci guda. Ka dai kula ka ja layin a inda ya miƙe da gaske, nesa da zafin sauyi, in ba haka ba θ ɗinka ba shi da ma'ana.

Sai ka tsayar da zafi wuri ɗaya ka riƙa ƙara fili har tesla 5 ko 7, ka dawo, ka juya shi. Inda layin ya ƙoshi ya kwanta, raba shi da adadin atam. A magneton na Bohr, ƙarfe yana ba da 2.2, kobal 1.7, nikel 0.6. Rashin cikar lambobin nan shaida ce cewa ilektiron ɗinsu ba a ɗaure suke a atam ɗaya ba, yawo suke yi a cikin kiristal ɗin. In kuwa naka ya ƙoshi a 0.001, fara zargin datti. Ba kullum ba ne, domin a hematait, wato Fe2O3, juyin da ke saɓa wa juna sukan ɗan karkace su bar ragowa kaɗan, abin da Dzyaloshinskii da Moriya suka bayyana a 1958 da 1960. Mai raba gardama shi ne awon yadda samfurin ke shan zafi: sauyin da ya shafi duk jikinsa zai fito da tsini a daidai zafin, na ɓurɓushi kuwa ba zai fito ba.

Duk wannan jimilla ce kake gani daga waje. In kana son ganin inda kowane juyi ya kalla, sai nutiron, wanda ba shi da cajin lantarki amma yana da nasa maganaɗisun. A 1949 a Oak Ridge ta Amurka, Shull da Smart suka harba nutiron a kan MnO mai sanyi, sai ga sababbin tsinaye da babu su a zafin ɗaki. Wannan ne ya tabbatar da jerin saɓani da Louis Néel ya yi hasashe. Hanyar ba ta canza ba: ɗauki zane sama da zafin sauyi, ɗauki wani a ƙasa, ka cire ɗaya daga ɗaya. Sai dai dole ka rubuta takardar neman lokaci a cibiyoyi irin ILL da ke Grenoble a Faransa ko ISIS a Ingila, kuma a nan giram ake bukata ba miligiram ba. In akwai gadoliniyam, kadmiyam ko boron a sinadarin, ka faɗa tun a takardar, don suna shanye nutiron sosai.

Saura tambayar me ya sa, wadda kwamfuta ke taya amsawa. Hanyar DFT, wadda ke lissafa yadda ilektiron suke zaune a cikin sinadari, ta fito daga aikin Hohenberg da Kohn na 1964 da na Kohn da Sham na 1965, kuma manhajar Quantum ESPRESSO da ke yin wannan lissafin kyauta ce. Shigar da tsarin da hasken X ya ba ka. Ba kowane atam juyin farawa da hannunka, domin in ka bar su a sifili lissafin zai iya zama a can. Gwada jeri iri-iri, na gefe guda da na saɓani kala biyu ko uku, ka ga wanda makamashinsa ya fi ƙasa. Bambancin yakan zama 'yan mili-ilektironbolt ne a kowane atam, saboda haka ka yi ta ƙara zurfin lissafin har lambobin su daina motsi kafin ka yarda da su. Duba kuma yawan matakan makamashi a iyakar Fermi, wato mataki mafi sama da ilektiron suka cika: in sun yi cunkoso a wurin, sharaɗin Stoner ya ce ilektiron za su gwammace su rabu, masu kallon sama su fi yawa.

Kada ka ɗauki kwamfuta alƙali. LDA, mafi sauƙin salon lissafin, ba ya ma ba ƙarfe tsarinsa na gaskiya sai an koma salon GGA da ya fi shi inganci. NiO kuwa, haɗin nikel da oksijin, tun 1937 de Boer da Verwey suka lura cewa ba ya ɗaukar lantarki alhali lissafi mai sauƙi ya ce ya ɗauka. Giɓin makamashinsa, wanda ilektiron zai tsallaka kafin lantarki ya wuce, wajen ilektironbolt 4 ne, LDA kuma ko 1 ba ya kaiwa, saboda ya raina turin da ilektiron ke yi wa juna a kan atam ɗaya. A 1991 Anisimov, Zaanen da Andersen suka kawo gyaran da ake kira U, lambar da ake ƙara wa lissafin don ta wakilci wannan turin. Gyara ne mai amfani, amma yana da jaraba: mutum ya yi ta murɗa U har ya samu abin da yake so. Wannan ba bincike ba ne. Gwada ƙima da yawa, ka bayyana su duka, ka nuna cewa ƙima ɗaya ce ta ba da giɓin da aka auna da kuma ƙarfin juyin da nutiron ya gani. Ka tuna kuma lissafin na Kelbin sifili ne; zafin sauyi sai ka ciro ƙarfin musanyar ka sa shi a lissafin Monte Carlo, wanda ke kwaikwayon yadda zafi ke hargitsa juyin.

In awo da lissafi suka ƙi haɗuwa, kafin ka zargi ɗayansu koma ka ƙirga oksijin. LaMnO3, haɗin lantanam da manganis da oksijin, mai tsabta antiferomagnet ne da ke jeruwa wajen Kelbin 140, amma oksijin ya ɗan yi yawa wajen gashi, wasu Mn3+ sun koma Mn4+, sai ya fara nuna halin feromagnet, alhali zanen hasken X bai canza sosai ba. Ɗibi kaɗan daga samfurin ka ƙona shi a cikin iskar haidirojin kana auna nauyin da ya ragu, ko ka yi masa awon ayodin, sannan ka sake gasa wani a ƙarƙashin iskar argon ka maimaita awon zafin daga farko.