Kafin Ka Cike Kwaleji, Je Ka Ga Filinta Bayan La'asar

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina horar da yara ƙwallo a unguwar Jekadafari da ke Gombe, kuma duk sanda aka buɗe rajistar JAMB sai wani ya tare ni bayan atisaye: "Koci, wace makaranta zan cike wadda ba za ta raba ni da ƙwallo ba?" Ga abin da nake gaya musu.

Fara da takarda. In kwalejin ilimi ce, ka tabbatar hukumar NCCE, mai kula da kwalejojin ilimi, ta amince da kwas ɗin da kake so. In foliteknik ce, hukumar da ke kula da ita NBTE ce. NCE, takardar kwalejin ilimi, shekara 3 ce, ND, diflomar foliteknik, shekara 2. Na ga yaron da gwiwa ta zaunar yana ɗan shekara 22, shi ya sa ba na wasa da wannan.

Ni dai ƙaramar makaranta na fi so wa ɗan wasa. Malami zai san sunanka, kuma shiga tawagar makaranta ba ta da wuya kamar a babbar jami'a. Muna da su kusa: Kwalejin Ilimi ta Tarayya a nan Gombe, ta jiha a Billiri, ta Aminu Saleh a Azare, ga foliteknik ta Tatari Ali a Bauchi. Amma kada ka zaɓa daga waya. Shiga mota ka je, ranar karatu, bayan la'asar. Dubi bakin raga. In ƙasar wurin ta yi fili, takalmin gola ya cinye ciyawar, to ana wasa. In ciyawa ta kai ƙwauri, awaki na kiwo a tsakiyar fili, ka samu amsarka.

Daga nan nemi kyaftin ɗin tawaga, shi zai faɗa maka abin da ofis ba zai faɗa ba. Yaushe rabonsu da zuwa NICEGA, gasar wasannin kwalejojin ilimi ta ƙasa, ko NIPOGA in foliteknik ce? Wa ya biya kuɗin mota? In ɗan wasa ya ji ciwo, wa ke ɗaukar nauyin magani? Sannan tambayar da ta fi duka: cikin 'yan wasan bara, mutum nawa suka gama tare da 'yan ajinsu?

Ina da dalili. Lokacin da nake ɗalibi mun tafi gasa ta mako guda, aka yi gwaji a bayanmu. Da baki aka ce mana ba komai, za a sake mana. Ba a sake ba. Kwas ɗaya ya riƙe ni shekara guda, har yau ina tuna fuskar Baba da na kai masa labari, bai ce uffan ba, ya ci gaba da jan carbinsa. Don haka ka tambaya tun kafin ka biya kuɗin rajista: ana ba 'yan wasa takardar izini a rubuce, da sa hannun daraktan wasanni da shugaban sashe? In ana bayarwa, ka ce a nuna maka ta bara.

Masu ɗaukar kwas ɗin motsa jiki da lafiya, PHE, don wai sauƙi gare shi, su sani akwai karatun ƙashi da jijiya a ciki. Sai ka lissafa nisan ɗakin kwana da fili, domin kuɗin Keke Napep safe da yamma yana cinye guzurin wata tun kafin ashirin ga wata.